Ranar Da Na Ɗauki Hoto Da Matacciyar Kyamara

A lokacin da wannan abu ya faru ina saurayi mai shagon ɗaukar hoto a Gummi, kuma gaskiya ina ji da kaina. Aure, suna, saukar karatu, duk ni ake nema daga Gummi har Bukkuyum. Na iya aikina, wannan ko yau ba zan janye ba. Abin da ban iya ba shi ne sauraron na gaba da ni.

A shekarar ce na ƙwallafa rai a kan ƙananan kyamarorin nan da suka fito, waɗanda ba su da madubi a ciki, sai ka jefa ɗaya a aljihu ka hau babur. Na kai maganar majalisarmu ta masu hoto a Anka, ra'ayi ya rabu. Wani ya ce mutanenmu girman kyamara suke kallo, in ka je biki da ƙarama za a ɗauka wasa ya kawo ka. Wani ya yaba kaifin hotonta da rashin nauyinta, don shi kafaɗarsa ta gaji. Maigidana da ya koya mini sana'ar, dattijo ne marar yawan magana, ya ce bai ƙi ta ba, amma mai sayen kyamara da danginta yake saye, wato gilashinta da batirinta da mai gyara ta. Ya ce irin waɗannan cin batiri ne da su, in fara sanin inda zan sami na biyu, da inda zan yi caji a ƙauyen da ba a taɓa kafa turken lantarki ba. Na yi dariya na ce zamani ya bar su a baya. Na sayar da babbar kyamarata mai batiri uku, aka kawo mini ƙaramar daga Kano da batiri ɗaya tak.

Ta yi aiki, ba zan zalunce ta ba. Abin da na fi yin taƙama da shi kuwa shi ne ba ta ƙara. Tsofaffin kyamarori sai ka ji ƙas kafin ka san an ɗauke ka, tawa kuwa shiru kake ji. Duk inda na zauna sai na ba da wannan labari, har aka gaji da ni.

Bayan kaka wani abokina ya zo ya ce mahaifinsa yana kirana a ƙauyensu, can gaba da Zugu. Baba manomi ne da ya ƙi hoto tsawon rayuwarsa, ko katin zaɓe bai yarda ya yi ba saboda hoto. Amma hare-haren 'yan bindiga sun matso kusa, 'ya'yansa sun yanke shawarar watsewa da iyalansu, wasu Gummi, wasu Sakkwato, shi kuma ya ce ba ya barin gonarsa. Sai ya nemi a tara kowa a ɗauke su tare sau ɗaya, kowane ɗa ya tafi da nasa.

Na isa da hantsi. Kafin mata su gama shiri, sai na shiga abin da na saba. Na ɗauki rumbuna, na ɗauki awaki, na ɗauki mazan da ke ƙofar gida, ina juya musu allon kyamarar suna ganin kansu suna shewa. Daɗin yabo ya hana ni kallon alamar batiri. Sai bayan azahar aka shimfiɗa tabarmi, Baba ya zauna cikin farar rigarsa ta Juma'a, Inna matarsa a gefensa, 'ya'ya da jikoki suka jeru har bakin katanga. Na ɗaga kyamara, allon ya yi ƙifta ɗaya ya mutu.

A nan ne na yi abin da nake kuka da shi har yau. Da na buɗe baki na faɗi gaskiya, da an ɗora ni a babur zuwa wurin mai janareto, a jira ni zuwa la'asar, ko ma a ɗauka da wayar wani. Amma ni da na cika musu baki tun safe, na kasa. Na tuna tawa ba ta ƙara, ba wanda zai gane. Na manna matacciyar kyamara a ido, na ce a matso, na ce a ɗaga kai, na ce Baba ya saki fuska, har na durƙusa kamar mai neman kusurwa. Baba ya tambaya ko an gama, don shi bai ji komai ba. Abokina ya ce ai irin ta zamani ce, shiru take aiki. Baba ya sa mini albarka, Inna ta cika mini buhu da gyaɗa. Na tafi da dabarar cewa bayan mako zan ce katin ajiyar hoto ya lalace, in dawo a sake.

Ba a sake ba. Cikin kwana huɗu iyalin suka watse, hanyar ta ƙara lalacewa, kafin damina Baba ya kwanta ciwo ya rasu.

Bayan ta fita takaba, Inna ta dawo Gummi wurin abokina, ta sa ya kawo ta shagona. Ta ce ta zo karɓar hoton Malam. Na shirya ƙaryar katin tun tuni, amma da na ga yadda ta goge hannuwanta da mayafi tana shirin karɓa, sai na faɗi komai yadda ya faru. Abokina ya tashi ya fita. Na bincika hotunan safiyar nan, na sami guda ɗaya da Baba ya shiga bisa kuskure, yana tsaye a bakin rumbu ya juya baya. Na wanke shi na miƙa mata. Ta daɗe tana kallo, ta ce shi ne, haka yake tsayuwa in yana duba gero. Sannan ta tambaye ni, da muryar da babu faɗa a cikinta, ko akwai dabarar da zan yi in juyo mata da fuskarsa.

Har yau ina sana'ar, kuma da irin ƙaramar kyamarar nake aiki, don laifin ba nata ba ne. Sai dai batiri huɗu nake fita da su, kuma na koma na ba maigidana haƙuri. Ga 'yan uwana masu hoto, kafin ku zaɓi kyamara ku saurari waɗanda suka riga ku, ku dubi hanyar da za ku bi da ita, ba kyawunta a hannu ba. In kuma kayan aiki suka mutu muku a gaban jama'a, ku faɗa nan take, kunyar ba ta wuce yini guda. Ni na guje wa kunyar nan, ga shi hoton bakin rumbun nan kaɗai na iya wanke wa 'ya'yan Baba, duk gidan da suka rataye shi, bayansa suke nuna wa jikokinsa.