Kuɗin Inuwar Gawo

Ko zan manta komai, ba zan manta ranar da bakina ya ci gawon kasuwar garinmu Hajj Abdalla ba. Bara ne da rani, ina sabon shiga aikin murasala a majlis, wato ɗan aike a ofishin hukumar gari. Majlis ke da filin kasuwa, kuma duk shekara lajna, kwamitin dattawa da Zabit, babban jami'inmu, ke zama su yanke kuɗin hayar kowane gurbi.

Ranar ina raba shayi, na tarar suna ta gardama tun safe a kan gurbin Baba Sule mai gasa naman agashe. Gurbin bai fi tabarma biyu ba, amma yana gindin gawo, kuma masu tsinkar auduga in sun dawo daga gona can suke zubewa. Don in ba su dariya na ce, "To ku sa wa inuwar kuɗi mana."

Ba wanda ya yi dariya. Zabit ya ajiye kofi ya ce, "Ya walad, yaron nan kana da kai!" Nan take aka raba haya biyu: ta rana da ta inuwa, ta inuwa da ƙarin riyal. Aka miƙa mini igiya, wai in je in auno inuwa.

Jama'a, kun taɓa auna inuwa? Da hantsi tana kan Hajja Kaltume mai kisra, wainar dawa, da azahar ta koma wa Baba Sule, da la'asar ta tsallaka kan jakunan mutane. Na bi ta da igiya har ƙafata ta fi ta raƙumi kaushi.

Hajja ta riƙe ƙugu ta ce, "Ɗan nan, ni mi zan biya? Inuwar da ke gaishe ni ta wuce?"

Baba Sule kuwa ya biya, yana ƙunƙuni, don ya ce gurbin nan shi ke ciyar da gidansa. Na ɗauka an gama.

Sai damina ta faɗi. Gawo, kamar yadda ya saba tun kakanni, ya kakkaɓe ganyensa tas. Baba ya iso ofis da hayaƙi a rigarsa, ya tsaya gaban Zabit.

"Ranka ya daɗe, na biya inuwa. Ina inuwata?"

"Ya Hajj, ka yi haƙuri, za ta dawo."

"To in ta dawo in biya. Ko ku aika yaron ga ya hau ya maida ganyen, tunda shi ne mai kai!"

Lajna ta sake zama. Wani ya ce a yi hayar rani da ta damina. Wani ya ce ai reshe ma yana da inuwa, a auna. Kun san wa aka aika. Na dafa shayin da zai cika madatsar ruwan Makwar, ba a yanke komai ba. Ni da na ƙulla, na roƙi Zabit a soke ƙarin kawai. Ya ce abin da lajna ta sa wa hannu ba ya sokuwa sai lajna, lajna kuma ba ta janye maganarta don ɗan aike.

A zaman ƙarshe wani dattijo ya yi hamma ya ce, "In babu itacen, ai duk gurabe ɗaya ne." Kowa ya ce tamam, don kowa yunwa yake ji.

Abin da na koya: a ofis, wasa ma in ya faɗa kunnen mai hatimi ya zama doka. Yanzu in na kai shayi, bakina a rufe kamar tulun mai.

An sare gawon kafin kaka, majlis ta sayar wa mai gawayi. Baba Sule yana nan a gurbinsa cikin rana, yana biyan haya irin ta kowa, masu auduga sun koma bakin tasha. Gawayin da ya gasa nama da shi duk ranin nan, na gawon ne. Har yau bai amsa gaisuwata ba.