Makokin Gidan da Ya Ƙone

Mimon Sicsu ɗan Yahudawan garin Tetuwan ne, amma tun yana saurayi ya zo garin Obidos da ke bakin kogin Amazon, a nan kuma ya tsufa. Fatauci yake yi a jirgin ruwa. Yakan ɗora gishiri da kananzir da atamfa, ya bi ƙananan rassan kogin Amazon, ya dawo da danƙon roba da busasshen kifi. Mutum ne mai raha, mai son ci, sai dai duk ranar tara ga watan Ab na Yahudawa ba a gane kansa. Duk inda ranar ta riske shi zai sa a ɗaure jirgi, ya cire takalmi, ya zauna a ƙasa, ba ci ba sha, yana rera makoki.

Tiburcio mai kula da injin, Kirista ne, ba ya gajiya da tsokanarsa. "Maigida, wai bana ma gidan nan ne ya ƙone?"

"Shi ne, Ɗakin Ibadarmu na Ƙudus."

"Haba! Gobarar shekara kusan dubu biyu? Ko tokar ai ta gaji da jira."

"Ranar da muka daina kukansa, mun yarda ke nan ba za a sake gina shi ba. Je ka ci rogonka, ka ƙyale ni."

Wata shekara ranar ta same su a wani rafi da ba su taɓa shiga ba, mai baƙin ruwa, ko tsuntsu ba ya kuka. Da hantsi, yana cikin rera makoki, Mimon ya tsaya ya ja numfashi, sai ya ji waƙar ba ta tsaya ba. Daga cikin daji take fitowa, muryoyi da yawa, karin daidai da nasa, amma babu kalma ko ɗaya.

Tiburcio ya yi alamar gicciye. "Maigida, don Allah mu kwance igiya."

Mimon ya sauka da ƙafa ba takalmi, ya bi sautin. A bayan wasu itatuwa ya tarar da bukka a kan turaku. An kife kujeru, murhu a mace. Mutanen gidan suna zaune a ƙasa, yara da manya, kowa da toka a goshi, suna gunji baki rufe. Hoton Maryamu na rataye, an juya fuskarsa bango. Ba wanda ya dube shi sai wata tsohuwa makauniya, wadda daga baya ya ji sunanta Firmina.

"Ka daɗe a hanya, ɗana," in ji ta.

"Iya, wa ya rasu?"

"Ba kowa. Gida ne ya ƙone. Kakana baƙo ne, shi ya bar mana wannan al'ada. In ruwa ya fara ja, mu ƙirga kwanan wata, mu zauna haka. Karin muka riƙe, maganar ta ɓace mana. Ya ce wata rana wani zai kawo ta."

"Kin san wane gida?"

"Na ɗauka kai za ka faɗa mana."

Ya zauna a cikinsu, ya ɗauko waƙar daga farko, su kuma suna bin bakinsa, har rana ta faɗi. Suka ba shi dafaffen ƙwai, ya ci yana hawaye.

Da shekara ta zagayo ya koma da littafin addu'a. Gaɓar ta zabtare, kogi ya haɗiye wurin, ba bukka ba turaku. Masuntan da ya tambaya suka ce su ba su taɓa sanin akwai mutane a nan ba.

Har ƙarfinsa ya ƙare, a bakin rafin nan yake yin azumin. Tiburcio kuwa ya sauka daga jirgin, ya koma sayar da kifi a kasuwa. Mimon ya rasu a gidan 'yarsa a Belem, da damina.