Ranar da Baba Ya Wasa Wuƙaƙen Teburina

Shekarar da na fara koyarwa a Kazaure na sayi saitin cokula wajen wani ɗan Babura mai shigo da kaya daga Nijar: cokula, cokula masu yatsu da wuƙaƙe shida, kwance cikin akwati mai jan ƙyalle. Ni da na tashi ina cin tuwo da hannu! Dalili shi ne na gayyaci shugaban makarantarmu cin abincin rana, mutumin Filato, malamin Turanci, kuma so nake ya ɗauka gidan 'yan boko na fito. Ban taɓa gaya wa kowa a makarantar cewa ubana maƙeri ne a Gwiwa ba.

Ana gobe baƙon zai zo sai ga Baba a babur ɗin haya, ba sanarwa. Ya buɗe akwatin, ya gwada wuƙa ɗaya a babban yatsansa, ya ja tsaki.

"An cuce ka, Malam," haka yake kirana in yana tsokana. "Wannan ko albasa ba za ta yanka ba."

Na ce haka ake yin su, Baba. Ya ce to.

Da safe na tafi sayen nama. Na dawo na tarar da shi a tsakar gida da dutse da ruwa. Duk shidan ya wasa su, ya fiƙe musu baki, ƙyallinsu duk ya tafi. Wallahi kamar in yi kuka. Shi kuwa sai murmushi yake.

Baƙo ya zo, na wuce da shi falo kai tsaye. Ya ɗora wuƙa kan tsokar rago, ta wuce sumul har faranti. Ya ɗaga ta yana jujjuyawa. Ya ce sunan da Turawan Ingila ke kiran kayan nan da shi, har da cokulan, daga Faransanci suka aro shi, asalinsa kuwa sana'ar maƙerin wuƙa yake nufi. Ya ce bai taɓa ganin ta tebur mai kaifi haka ba.

"Wane gwani ne ya yi maka wannan aiki?"

Baba na kan tabarma a waje, gindin taga, da kwanon tuwonsa, yana jin mu sarai.

Na ce, "Wani maƙeri ne, ranka ya daɗe."

Baba ya cinye tuwonsa tsaf, ya wanke hannu. Ya leƙo falon ya gaida baƙo da ladabi, sannan ya dube ni.

"Malam, maƙeri zai wuce. In an samu wani aikin, a aiko."