Gyaɗar da Ke 'Ya'ya a Sama

Shekarata ta biyu da fara koyarwa a firamaren ƙauyenmu, can bayan Minjibir, aka tura ni bita Kano. Kwana uku muka yi ana haska mana majigi. Malamar da ke jagorantar bitar ta ce mun mayar da yara aku, mu faɗa su maimaita. Ta ce mu koya musu auna magana kafin su haɗiye ta. Har dabara ta ba mu: malami ya shirga kuskure da gangan, irin wanda ko makaho zai laluba ya gane, ya ja baya ya ga wa zai ce masa a'a. Duk muka rubuta a littafi, kalma da kalma. Da ta tambaya ko mun gane, da murya ɗaya muka amsa mata.

Na dawo gida ina ji da kaina. Lokacin kaka ne, ana tsakiyar cirar gyaɗa. 'Yan aji biyar da nake koyarwa da ƙasa a faratansu suke zuwa makaranta, aljihunsu cike da ɗanyar gyaɗa, suna ɓara a ƙarƙashin benci suna zaton ba na gani. Na ce to, ga inda zan kama su.

Ranar Alhamis, a darasin ƙarshe, na rubuta a allo da manyan baƙaƙe: "Gyaɗa a kan reshe take 'ya'ya kamar mangwaro. Da sanda ake kaɗo ta." Har bishiya na zana, na rataya mata gyaɗa. Na harɗe hannu ina jiran aji ya yamutse.

Ba abin da na ji sai ƙarar biro a kan takarda. Can wata yarinya a layin gaba ta ɗaga hannu. Murna ta kama ni.

"Malam, mu ma mu zana bishiyar?"

Kafin in sami abin cewa hedimasta ya aiko kirana, wai in zo in cike wata takarda. Ina ofis aka buga ƙarfen tashi. Yara suka watse cikin gari da bishiyata a jakunkunansu.

Washegari na shiga aji a fusace. Na goge allon, na ce musu ƙarya na yi, gwada su na yi. Na ce, "Ku da kuke tono ta da hannunku, babu wanda ya san a ƙasa take?"

Sai yarinyar nan ta miƙe, kanta a sunkuye.

"Mun sani, Malam. A gona a ƙasa take. Mun ɗauka a boko ne take a sama."

"Boko da gona gyaɗarsu daban ce?"

"To ai Malam, in an zo jarrabawa, na allo ake so."

Ban dake ta ba, don ban ga da wane baki zan ce ta yi kuskure ba. Ni ne na shekara biyu ina ba da maki ga wanda ya dawo mini da maganata yadda na faɗe ta. Na sa suka yage shafin, na ɗauka magana ta mutu. An ce ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Tawa kam halin gyaɗa ta ɗauko, ta yi fure a fili ta je ta yi 'ya'ya inda ba na gani.

Mahaifina manomin gyaɗa ne tun kafin a haife ni. Bai yi boko ba, ni kaɗai ne ɗansa da ya yi, kuma a garin nan ba shi da abin taƙama kamar ni. Kullum bayan la'asar yakan zauna a gindin tsamiya da dattawa sa'o'insa, kuma duk gardamar da ta tashi, ko ta taki ce ko ta rediyo, ƙarshenta yakan ce, "Bari Malam ya dawo a tambaye shi." Ni ne Malam ɗin. Ko a cikin gida haka yake kirana.

Ranar Asabar da hantsi ya kira ni zaure. Ya sa na zauna, ya leƙa waje, ya rage murya.

"Wannan gyaɗar taku ta sama, a Kano ake samun irinta?"

Na ce, "Wace gyaɗa, Baba?"

"Wadda ka koya wa yara. Shekaranjiya aka kawo littafin wani jikan mai unguwa gindin tsamiya, har da zanen. Suka yi ta dariya, wai ɗan manomi ya je birni ya manta inda gyaɗa take. Na ce musu ku ne ba ku sani ba, sabon iri ne. Na ce wallahi Malam ba ya ƙarya." Ya gyara hula. "Ko tiya ɗaya ce ka samo mini. In shuka a bakin hanya, kowa ya gani da idonsa."

Mutumin da ya fi shekara hamsin yana tono gyaɗa daga ƙasa ne yake faɗa mini haka. Bai yarda da bishiyar ba, na gani a fuskarsa. Da ni ya yarda. Kunya ta rufe ni, na ji kamar in nutse a wurin.

Na yi masa bayani tun daga bitar. Na ce dabara ce ta koya wa yara tunani, don su saba musa abin da bai yi daidai ba, ko daga bakin malami ya fito. Ina faɗa ina jin yadda maganar ke raguwa a bakina. Ya saurare ni har ƙarshe bai katse ni ba.

"Yanzu dai babu ita."

"Babu, Baba."

"Cikin yaran, wani ya musa maka?"

"Ko ɗaya."

Baba ya gyaɗa kai. Sannan ya ce, "To ai ka ga ni ma ban ci jarrabawar ba."

Na ce zan je gindin tsamiya da kaina in warware maganar. Ya girgiza kai.

"Kai yara ka gwada. Ni ne na rantse."

Bayan la'asar ya saka babbar rigarsa, wadda ba ya sakawa sai ranar Juma'a, ya ɗauki sandarsa. Na miƙe zan bi shi, ya ce in zauna. Daga ƙofar zaure na hango dattawan sun riga sun hallara, wani yana nuno shi tun daga nesa. Bai rage sauri ba. Ranar ce ya je musu ba tare da yana da wanda zai ce a jira a tambaya ba.