Baba Tsintsiya da Mujiyar Sito

Kafin leburori su iso, Baba Tsintsiya ya riga ya buɗe ƙaramar ƙofar siton hatsi. Ba ya fara shara daga bakin ƙofa kamar kowa. Kai tsaye yake wucewa lungun baya, ya durƙusa, ya tsince wasu 'yan curin gashi da ƙashi ya zuba a aljihu.

Aman mujiya ne. Wata ƙatuwa ce mai jajayen idanu, da gashi tsaye a kai kamar kunnuwa, ta yi shekaru tana zaune a saƙon rufin. Ba ta saƙa sheƙa, inda ta samu nan take ƙwai. Ɓera take haɗiyewa ɗungurungum, abin da ciki ya ƙi ta amayo shi ƙasa. Baba ya san ranar da leburori suka ga wannan shaida, jifa za ta tashi, don a wurinsu kukanta mutuwa yake kira.

Mai kula da siton ya shaida min bai taɓa ɗinke buhun da ɓera ya fasa ba. Ya kuma tuna ranar da aka kawo maganin ɓera, Baba ya bi shi har ofis.

"Ranka ya daɗe, don Allah kada a zuba. Ni zan ji da su."

Yaya zai yi ya ce ɓeran da ya ci guba mujiyar zai kashe?

Yanzu gwiwa ta gaza, an sallame shi da godiya, daidai lokacin da mujiyar take da 'ya'yan da ba su yi fiffike ba. Abinci ya daina shigar masa.

"Malam, ka aje aiki, aikin ya ƙi aje ka?" in ji matarsa. "Ko a can ka bar ranka?"

Washegari ya dogara sanda ya koma siton. Ya tarar da matar da aka ɗauka a madadinsa tana kakkaɓe tsintsiya. Ya leƙa lungun, tas. Ya ɗaga kai, idanun nan na kallonsa.

"'Yata, da kika share nan, me kika gani?"

Ta dubi leburorin da ke shigowa, ta dafe ƙullin gashi da ƙashin da ke bakin zanenta.

"Ban ga komai ba, Baba. Gobe ma ba zan gani ba."

Kai ne ka yi shekaru kana durƙuso saboda tsuntsuwar da kowa ke tsinewa, Baba. Mun ci hatsi mai tsabta ba mu san hannun da za mu gode wa ba. Mun gode, Allah ya ba gwiwa lafiya. Har yau ina tsoron ranar da wani zai ɗaga kai a siton nan. In kai ne, ɗan'uwa, ka aje dutsen, ka ɗauki tsintsiya.