Baƙin zoben Sitti

'Yata ta dawo daga karatu a Amurka da tsarabar munduwar azurfa mai shuɗin dutsen nan fairuz, aikin hannun mutanen Nabaho, 'yan asalin can. Ina ganin baƙin da ya kwanta cikin zanenta sai na ji ƙaurin gawayin kakana.

Maƙerin azurfa ne a unguwar Nuzla ta Jidda. Aikin Hajji ya zo yi da 'yar gudumarsa, bai koma gida ba. Aikinsa na ƙarshe kafin idonsa ya tafi shi ne zoben kakata, wadda muke kira Sitti: fairuz shuɗi shar, kewaye da zane siriri da ya shafa wa baƙi don ya fito. Ni ban san da gangan ya yi ba. Shekarata tara, ga rawar kai, ga son a ce na iya.

Wata rana cikin zafin nan na Jidda mai danƙo, Sitti ta cire zoben za ta kwaɓa fulawa, ta ajiye a taga. Na ɗauko toka da lemon tsami, yadda muke wa tukwane, na dirje shi tas. Baƙin ya tafi, zanen ya ɓace cikin ƙyalli, dutsen ya dushe. Na kai mata ina jiran yabo. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta mayar a yatsa. Wallahi da duka ta yi mini da na fi jin sauƙi.

Kullum bayan la'asar kakana yakan kama hannunta ya bi zoben da babban yatsa. Shi kaɗai ya rage masa na sana'arsa. Ran nan ya tambaye ta ko damshin teku bai taɓa launin ba.

"Aikinka yana nan, Alhaji," ta ce, idonta a kaina.

Ya yi murmushi. Har ya rasu ba wanda ya gaya masa, kuma har yau abin yana cina.

Zoben yana yatsana yanzu. Jiya 'yata ta shigo da man goge azurfa da ta sayo a kasuwar Bab Makka.

"Yalla Mama, maza kawo munduwar in goge miki, ta yi baƙi."

Na riƙe hannunta. "Bar shi, 'yar nan. Wani ne ya zauna ya sa shi."