Bayan telan Bab Makka da na sallama da baki

Har yau ban manta da wata Talata cikin Sha'aban ba, lokacin ina babban ma'aikacin ɗakin hoto a wani ƙaramin asibiti a unguwar Safa, can ƙasar Larabawa. Aikina shi ne in ɗora na'ura a wuyan mutum in auna kaurin bangon jijiyar da ke kai jini ƙwaƙwalwa. Idan bangon ya fara kauri, alama ce jijiyoyi sun fara lalacewa tun mutum bai ji komai ba.

Ranar Dakta Nafisa, Bahaushiyar Sudan, ta turo mini Shamsuddin, wani tela Ba'indiye daga unguwar Bab Makka. Sugansa ya haura na mai lafiya amma bai kai na ciwon suga ba, gwajin jininsa kuma ya nuna alamar kumburi, irin wanda ba ya ciwo. Mutum ne siriri kamar muciya. Layi ya yi tsawo, sai duba agogo yake, don awa biyu kafilinsa, wato uban gidan da ya ɗauko shi aiki, ya ba shi.

Ya matso ya tambaye ni cikin Larabcinsa na kasuwa ko abin da tsanani. Ni kuwa na taso inda ba a barin mara lafiya da fargaba, kuma a tunanina masu tumbi ne suga ke kamawa. Na dafa shi na ce, "Ma fi mushkila, babu matsala, lafiyarka lau." Da layi ya zo kansa, babu shi.

Na gaya wa Dakta yadda muka yi. Ba ta ɗaga murya ba, abin da ya fi ƙona ni ke nan.

Ta ce, "Ya Ammu Haruna," wato Baffa Haruna, "mutanen ƙasar Hindu ba sai sun yi ƙiba ba. Kitsen a ciki yake ɓuya. Shi ke nan, kai ka sallame shi, kai za ka dawo da shi."

Wayarsa ba ta shiga. Bayan La'asar na bi shagunan teloli ɗaya bayan ɗaya har na same shi a kan keken ɗinki. Na roƙi kafilin ya sake ba shi awa biyu, ya yarda da ƙyar.

Washegari na auna. Bangon ya yi kauri fiye da na sa'anninsa. Dakta ta ɗora shi a kan magani, ta rage masa shinkafa da shayi mai suga, ta sa shi tafiyar ƙafa. Da zai fita ya tsaya a ƙofata, ya ce jiya ya buga wa matarsa waya a gida, can ƙasar Hindu, ya ce likita ya ce lafiyarsa lau, har ta raba alewa. Kunya ta kama ni.

Ku da kuka shigo aikin nan yanzu, ku sani idan kuna cikin farar riga, lallashinku ma sakamako ne a kunnen mara lafiya. Har Hindu ake kai shi.